Hoto Na Tara

Laraba, 6 ga Agusta, 8:15 na safe

Yau ba a tada injuna ba. Shekara huɗu ina aiki a wannan majemar ta Challawa, ban taɓa jin ƙarar fankar ofishina ba sai yau. An zagaye bayan ɗakin jiƙon fatu da jan ƙyalle, an ce kowa ya zauna a ɓangarensa.

Ni dai aikina yana nan. Hotunan fatun akuya sittin ne za a ɗora a shafinmu, masu saye na jira. Kyamara tana fitar da kowane hoto megabayit shida ko bakwai, shafin ba ya ɗaukar haka, masu saye kuma ba su da haƙurin zama suna kallon hoto yana buɗewa kamar ana jan labule. Mutane suna zaton matse hoto danna maɓalli ne kawai. Ni sai na fara yanke abin da ba a buƙata, bango da siminti. Sannan in rage faɗinsa. Daga ƙarshe in riƙa sauke ingancin a hankali, tamanin, saba'in da biyar, idona a kan ƙwayar fatar. Inda na ga ta fara narkewa, nan nake tsayawa in koma baya taki ɗaya. Hoto ya dawo kilobayit ɗari da tamanin, amma mai saye zai ga inda ƙaya ta taɓa karce akuyar.

Na san aikina. Zan gama kafin azahar.

Laraba, 1:30 na rana

Na gama. A kowane hoto akwai yatsun Lidiya a gefe, don ita ce take ɗaga mini fatun in ɗauka. Kullum yanke su nake yi ba tare da na lura ba. Yau sau sittin na lura.

Ba ta zo ba. Mijinta Ɗanladi ne aka fitar jiya daga ramin da ke bayan ɗakin jiƙo, ya faɗa ciki.

Alhamis, 7 ga Agusta, 6:50 na yamma

Abban Sauda ya dawo bai taɓa tuwon ba. Ya ce cikinsa ne. Sauda ta kawo masa littafinta ya duba, ya riƙe shi a juye har sai da ta gyara masa.

Shekara shida ke nan shi ne mai kula da ɗakin jiƙo da ramukan da ke bayansa. Kowa a kamfani ya san Musbahu da tsantseni. Wannan ba don mijina ne na rubuta ba.

Asabar, 9 ga Agusta, 4:20 na yamma

Na je asibiti. Na dafa farfesu na kai, ashe Ɗanladi ba ya cin komai ta baki. Akwai roba a hancinsa, wata a hannu. Likita ya ce iskar ramin ce ta shiga huhunsa, ƙafar kuma za ta ɗoru.

Lidiya tana zaune a kan tabarma a baranda da zanen da na gan ta da shi tun Talata. Ta ce, "Badi'a, kin zo."

Na ce, "To in ban zo ba wa zai zo?"

Ta ce ya buɗe ido da safe ya tambayi takalminsa. Muka yi dariya kaɗan. Daga nan, tana murza bakin zanenta, ta ce, "Shekara tara yana taka murfin ramin nan. Kullum ta kansa yake bi ya je ya buɗe famfo."

Ba ta tambaye ni Abban Sauda ba, ni ma ban ambace shi ba. Na ce masa mu je tare, ya ce yana da aiki. Wane aiki, injuna a kashe?

Litinin, 11 ga Agusta, 11:05 na safe

Manaja, Alhaji Uwaisu, ya kira ni ofishinsa. Ya ce in zauna, abin da bai taɓa cewa ba. Hukuma ta aiko da takarda: a ɗora rahoto a shafinsu tare da hotunan da aka ɗauka ranar hatsarin, kafin a taɓa komai. Wa'adi Juma'a ta sama, 22 ga wata. Malam Haruna shugaban masu gadi ne ya ɗauke su da kyamarar ofis, wakilin ma'aikata yana tsaye ya ƙirga, goma sha biyu, ya rubuta a takardarsa. Don haka ba a isa a cire ko ɗaya ba.

Ya ce, "Shafin nasu ba ya karɓar hoton da ya wuce kilobayit ɗari uku. An gwada jiya ya ƙi."

Na ce, "Wannan ba matsala ba ce, ranka ya daɗe. Ku ba ni awa ɗaya."

Ya ce ba sauri ake ba, in duba su da kyau tukuna, za mu yi magana. Ya miƙo mini filashi.

Ɗari uku ai fili ne. Na sha yin aiki da rabin haka.

Litinin, 12:40 na rana

Na duba su. Takwas na farko babu komai: ƙofa, famfo, bakin ramin daga nesa, takalmi ƙafa ɗaya.

Na taran ne.

Talata, 12 ga Agusta, 7:55 na safe

Bari in rubuta abin da ke cikinsa, kamar yadda nake rubuta bayanin fata. Murfin ƙarfe, gefe ɗaya ya rufta ciki. Maƙalinsa tsatsa ta cinye, an ɗaure shi da waya, zagaye huɗu ko biyar. A jikin bango sama da shi akwai katin dubawa na wata-wata a cikin leda. Layin ƙarshe: 1 ga Agusta, lafiya lau, sai sa hannu.

Malam Haruna bai iya ɗaukar hoto ba, amma kyamarar tana da kyau. Komai ya fito.

Sa hannun irin wanda ke kan katin rigakafin Sauda ne.

Laraba, 13 ga Agusta, 10:30 na safe

Alhaji ya zo ofishina da kansa ya tura ƙofa. Ya ce, "Kin duba?"

"Na duba."

"Sun ce kada ya wuce ɗari uku. Ba su ce kada ya gaza ba. Ki kai su talatin-talatin, duka goma sha biyun, kada a ce an ware ɗaya. In sun yi ƙorafi a ce shafinsu ne ya jawo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a talatin ba za a ga komai ba."

Ya ce, "Za a ga rami, za a ga murfi." Ya gyara hularsa. "Don ke nake faɗa, Badi'a. Ni a ƙarshe kamfani ne, kamfani ba ya shiga ɗaki a rufe shi. Kin san hannun wa ke jikin katin."

Na ce zan duba yadda za a yi. Ba da faɗa ya yi maganar ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 3:10 na yamma

Na yi guda biyu, don in gani da idona. Na farko kilobayit ashirin da takwas. Wayar ta narke ta shige cikin tsatsar, katin ya koma farin tabo, sa hannun kamar ƙuda ya sauka. Na biyu ɗari biyu da tamanin da bakwai, ana iya ƙirga zagayen wayar.

Duka biyun sun cika ƙa'idar shafin. Duka biyun ni na yi. Na ajiye su gefe da gefe na tafi salla.

Alhamis, 14 ga Agusta, 6:30 na safe

Na gaya wa Abban Sauda jiya bayan magariba, Sauda tana gidan maƙwabta. Ya saurara har na gama, yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "To ki yi yadda Alhaji ya ce mana."

Na ce, "Abban Sauda."

Ya ce, "Ba ƙarya aka ce ki yi ba. Hoton ne dai, ƙarami."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na tashi na kwashe kwanuka.

Alhamis, 2:00 na rana

Hoton ne dai, ƙarami.

Juma'a, 15 ga Agusta, 9:20 na safe

An yi ruwa tun asuba, hanyar Panshekara ta cika, wata tirela ta maƙale a kwana, sai da muka sauka daga adaidaita muka taka. An tada injuna a ɓangaren rini, warin ya dawo. Har na yi kewarsa.

Na ɗora fatun tumaki arba'in a shafi. Wata mai saye ta rubuto tana yaba hotunan, ta ce namu ne kawai take iya saye ba tare da ta nemi a aiko mata da samfuri ba, don abin da ta gani shi ke isowa. Na karanta sau uku. Shekara huɗu ban taɓa ɓoye tabon fata ba, kowa ya sani, shi ya sa ake yarda da hotona.

Na san aikina.

Lahadi, 17 ga Agusta, 5:15 na yamma

Ɗanladi ya fara shan kunu. An cire robar hanci da rana, ana mayarwa in zai yi barci. Muryarsa kamar ana jan buhu a siminti. Ya ce, "Madam Badi'a, ya Oga Musbahu? Ki ce masa kada ya damu."

Lidiya ta juya ta kalli taga.

Na ce zai ji. Ban faɗa masa ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Litinin, 18 ga Agusta, 6:40 na safe

Kwana huɗu ni da Abban Sauda muna gaisawa kamar maƙwabta. Yau ina soya ƙosai ya zo ya tsaya a ƙofar kicin.

Ya ce, "Na faɗa musu, Badi'a. Tun watan jiya. Ni na ɗaure wayar da hannuna, na ɗauki hoto na tura wa Alhaji. Ya ce a bari a fitar da kayan da ke hannu, in aka kira mai walda sai an tsayar da ramin kwana biyu."

Na ce, "Katin fa?"

"In ban sa hannu ba, ba a fara aikin ranar. Mutum talatin da biyu a zaune. Na ce wayar za ta kai ƙarshen wata."

Ƙosan ya ƙone. Na tambaye shi ina hoton, ya ce a tsohuwar wayarsa ce, wadda ta faɗa ruwa, saƙonnin duk sun tafi. Na ce ya kawo mini ita haka nan.

Litinin, 1:15 na rana

Wayar ta mutu, amma ɗan katin da ke cikinta yana da rai. Na sa shi a kwamfuta. Hotunan Sauda a makaranta, hoton babur, hoton wata takarda. Sai murfin.

Na asali ne, ba wanda aka tura ba. Wanda aka tura ta waya, manhajar tana matse shi ta share bayanan cikinsa. Wannan kuwa komai yana nan: 15 ga Yuli, ƙarfe tara da minti goma sha biyu na safe. Sati uku cif kafin Talatar nan. Wayar ɗaurin murfin sabuwa fil tana ƙyalli. Takardar da ke kusa da shi kuma kwafin neman gyara ce, da hatimin ofishin manaja, 16 ga Yuli. Shi ya manta ma ya ɗauke ta.

Yawancin manhajojin matse hoto suna zubar da kwanan wata don su rage nauyi. Tawa tana da wurin da ake cewa a bar shi. Kilobayit kaɗan ne. A shafin hukumar kuma, ƙasa da gurbi goma sha biyun, akwai gurbin ƙarin bayani. Yana ɗaukar hoto uku.

Talata, 19 ga Agusta, 4:45 na yamma

Na daɗe ina kallon wata hanya, gara in rubuta ta kada in yi wa kaina ƙarya. In ɗora na taran a ashirin da takwas, in ɗora nasa biyun a fili. Alhaji ya fito, Abban Sauda ya ɓace. Zan iya, minti biyar ne.

Na rufe kwamfutar na tafi gida.

Laraba, 20 ga Agusta, 6:55 na yamma

Na ce wa Abban Sauda, "Jibi zan ɗora. Na taran zai tafi yadda yake, katin da komai. Naka biyun ma za su tafi."

Ya ce, "Ba za su wanke ni ba. Su ma cewa za su yi na sani."

"Ka sani ɗin."

Ya ɗago ya kalle ni, karo na farko cikin sati biyu. Na zaci zai tashi ya fita. Sai ya ce, "Za su kore ki."

Na ce, "Wataƙila."

"Sauda fa?"

Na ce Sauda tana da uwa mai sana'a. Na ce ban zo neman izinin na taran ba, wannan aikina ne, amma guda biyun nasa ne, in ya ce a'a ba zan sa ba. Aka kira magariba. Ya ɗauki buta, ya kai bakin ƙofa, ya ce, "Ki sa."

Alhamis, 21 ga Agusta, 12:10 na rana

Alhaji ya leƙo ya ce, "An shirya?" Na ce an shirya. Gaskiya ne.

Juma'a, 22 ga Agusta, 10:50 na safe

Sabis ya yi ta wasa da ni. Sau biyu yana yankewa a hoto na shida. Na haɗa da wayata, na tsaya jikin taga. Na ɗaya, na biyu, har sha biyu, kowanne tsakanin ɗari biyu da sittin da ɗari biyu da casa'in. Sai biyun ƙasa. Na buɗe kowanne daga shafin nasu na duba, kada ya zama su ma suna sake matsewa. Ba sa yi. Ana ƙirga zagayen wayar ɗaurin. Ana karanta sunan.

Na danna aika.

Na buga takardar shaidar karɓa na kai wa Alhaji da kaina, don ban so ya ji a bakin wani. Ya bi jerin da yatsa. Nauyin kowane hoto yana rubuce a gefe. Yatsan ya tsaya a na tara, ya gangara ya tsaya a na goma sha uku.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na gaya masa.

Ya cire tabarau ya ajiye. "Kin san abin da kika yi wa mijinki?"

Na ce, "Ya sani, ranka ya daɗe."

Daga baya ya ce in bar makullin ofis wajen Malam Haruna, za a neme ni.

Juma'a, 3:30 na yamma

Malam Haruna ya karɓi makullin da hannu biyu. Ya ce, "Hoton ya fito kuwa? Ni ban iya abin nan ba." Na ce ya fito, Malam. Ya raka ni har bakin titi ya tare mini adaidaita.

Litinin, 25 ga Agusta, 9:00 na safe

A gida. Na wanke labule, na wanke wanda na wanke ranar Asabar.

Laraba, 27 ga Agusta, 5:40 na yamma

An kira Abban Sauda hukuma jiya, ya yi awa biyar. An kira Alhaji yau. An dakatar da Abban Sauda daga aiki har a gama bincike, ba a ce yaushe ba, ba a ce me zai biyo baya ba. Da na tambaye shi me suka ce, ya ce sun tambaya ya amsa. Ya ci abinci har ya nemi ƙari.

An ce an ga motar mai walda a ƙofar kamfani.

Ba a neme ni ba, ba na kuma jira. Wata da muka yi makaranta tare ta ce wani kamfanin robobi a Sharada yana neman mai kula da shafinsa. Na buɗe shafin a wayata, hoton bokiti ɗaya ya ɗauki kusan minti kafin ya buɗe. Na ce ta gaya musu ina zuwa Litinin.

Lahadi, 31 ga Agusta, 6:20 na yamma

Yau Abban Sauda ya ce zai bi ni asibiti. Ya sa farar shaddarsa, ya cire, ya sa tsohuwar riga. A hanya ya sayi lemo da ayaba, ya riƙe ledar a cinya har muka isa.

Lidiya tana bakin ƙofar ɗakin. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ba ta matsa ba. Wakilin ma'aikata ya riga ya gaya mata komai, har katin. Ɗanladi ne ya yi magana daga ciki, ya ce, "Oga ne? Ku shigo mana." Sannan ta matsa.

Ni da ita muka zauna a baranda. Ban ji abin da suka faɗa ba. Na ji muryar Abban Sauda tana tafiya tana tsayawa, na ji tarin Ɗanladi. Lidiya ta ce, "An ce ke kika aika." Na ce ni ce. Ta gyaɗa kai.

Can ta ce mahaifiyar Ɗanladi tana ƙauyensu bayan Kafanchan, ta ƙi yarda yana raye sai ta gan shi, sabis ɗinsu kuma sai an hau dutse, duk hoton da aka tura ba ya sauka. Na ce ta ba ni wayar.

Muka shiga. An tada Ɗanladi zaune, an jingina shi da filo biyu. Ya yi murmushi na ɗauka. Na tsaya nan na rage shi zuwa kilobayit sittin, fuskar ta fito sarai har furfurar gemunsa. Sai na ga Abban Sauda ya shigo ta gefen dama, rabin jikinsa, a tsugune bakin gado, idonsa ja, ledar lemon tana hannunsa har yanzu.

Na nuna mata na ce, "In yanke shi? Zai ma fi sauƙin tafiya."

Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Ta kalli mijinta, ta kalli nawa.

Ta ce, "Bar shi. Mama za ta tambaya wane ne, zan gaya mata."

Na aika haka.